Yadda za ka koma Linux ko Mac ba tare da ka rasa tsofaffin manhajojinka na Windows ba

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Wannan ya ce kwamfutarsa lafiyarta ƙalau amma Windows 11 ta ƙi hawa don babu TPM 2.0, wato guntun tsaron da take buƙata a jikin kwamfuta, ko furosesar ta tsufa, in ya koma Linux ya zai yi da manhajar lissafin da ya shekara goma yana aiki da ita, wancan kuma Mac ya riga ya saya ya tarar fayil ɗin .exe ko motsi ba ya yi. To ga yadda ake yi a jere. Girka sabon tsarin shi ne ƙaramin aiki a ciki, wahalar tana wajen tsofaffin manhajojin, don haka su za su faɗa maka inda za ka koma da hanyar da za ka bi, ba kyan fuskar sabon tsarin ba.

Kayan da za ka tanada: filash ɗaya na 8GB wanda babu komai mai amfani a ciki, faifan ajiya na waje da ya fi abin da ke cikin kwamfutarka girma, intanet mai ɗan ƙarfi, da takarda da biro. Kusan duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, inda kuɗi zai shiga zan faɗa.

1. Rubuta abin da kake amfani da shi da gaske

Buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta winget list > manhajoji.txt zai zubo maka duk abin da aka girka a cikin fayil ɗaya. Amma jerin nan cike yake da tarkacen da ba ka taɓa buɗewa ba, don haka ka haɗa da takarda, ka yi kamar sati kana rubuta duk manhajar da hannunka ya kai gare ta. Gaban kowacce ka sa lambar bugunta, da irin lasisinta wato lamba ce ake shigarwa ko akawun ne ko irin dongul ɗin nan da ake soka wa a USB, da na'urar da take magana da ita in akwai, da inda take ajiye bayananta.

Hattara: waɗanda ke ba mutane kunya su ne na sau ɗaya a shekara. Manhajar rufe lissafin ƙarshen shekara, wadda ake sabunta wa wata na'ura kwanya da ita, ta tsohuwar sikana, ko fayil ɗin Excel da wani ya cusa masa makuro, wato 'yan umarnin da ke yin aiki da kansu, tun tuni ya bar aikin. Sati ɗaya ba zai nuna maka su ba, sai ka zauna ka tuno.

2. Tattara fayilolin girkawa da lambobin lasisi

Kwafe folda daga Program Files ba ɗauke manhaja ba ne, yawancinsu suna da saiwoyi a rajistar Windows da wasu foldodin, ka kai ta wani wuri ta ƙi tashi. Abin da kake buƙata shi ne ainihin fayil ɗin girkawa na bugun da kake amfani da shi. Duba foldar Downloads, tsofaffin faifan CD, imel ɗin da aka turo maka lokacin da ka saya, da shafin kamfanin in har yana raye.

Lambar Windows ɗin kanta in tare da kwamfutar ta zo, wannan zai fito maka da ita a PowerShell: (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

Sai dai ka sani irin wannan lasisin a ɗaure yake da kwamfutar da ya zo da ita, ba ya bin ka wata.

Hattara: akwai tsofaffin manhajojin da sai sun tuntuɓi sabar kamfaninsu kafin su yarda su yi aiki bayan an girka, kuma wasu kamfanonin sun daɗe da kashe sabar. Irin wannan ko kana da lambarka ta halak sake girkawa ba zai yiwu ba, kwafin da ke cikin kwamfutarka yanzu shi kaɗai ne mai rai, kar ka kuskura ka cire shi, mataki na 8 nata ne. Waɗanda kuma sabarsu ke aiki amma suna ƙirga yawan kwamfutoci, akwai wurin janye lasisi a cikinsu, sai ranar ƙaura za ka danna shi ba yanzu ba.

3. Kwafi iri biyu, fayiloli da faifan gaba ɗaya

Kafin komai duba ko BitLocker, wato abin kulle faifai na Windows, na kunne, sababbin kwamfutoci da yawa a kulle suke zuwa mai su bai ma sani ba. In yana kunne shiga akawun ɗinka na Microsoft ka nemo lambar ceto mai lamba 48 ka rubuta a takarda, don ranar da ka taɓa saitin BIOS, wato saitin kwamfutar kanta da ake shiga kafin Windows ta tashi, zai iya tare ka a ƙofa ya ce sai ita.

Kwafi na farko na fayiloli ne zalla. Ka sa faifan wajen a tsarin exFAT don Windows da Linux da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kai. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB, NTFS kuma Mac karantawa kawai yake ba ya rubutu. Bayan Documents da Pictures da Desktop, rubuta %APPDATA% da %LOCALAPPDATA% a saman File Explorer ka shiga, ka leƙa C:\ProgramData ma, a ɓoye suke amma nan manhajoji da yawa ke zuba saitinsu wani lokaci har da bayanan aikinka. Mai Outlook ya nemo fayilolin .pst nasa. Burauza kuma in kana shiga da akawun za ta bi ka, in ba haka ba ka fitar da alamomin shafuka da kalmomin sirri, fayil ɗin kalmomin sirrin a buɗe yake kowa zai iya karantawa, ka goge shi da zarar ka shigar a can.

Hattara: fayilolin OneDrive masu alamar gajimare ba sa cikin kwamfutarka, sunansu ne kawai. Danna dama kan foldar ka zaɓi Always keep on this device ka jira su gama sauka tukuna.

Kwafi na biyu hoton faifan ne gaba ɗaya, da Rescuezilla ko Clonezilla, na farkon ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba. Da shi za ka iya maido da Windows yadda take tsaf in abu ya cakuɗe. Kuma don Allah ka buɗe wasu daga fayilolin da ka kwafa a wata kwamfutar ka ga suna buɗuwa, ganin sunayensu a jere ba hujja ba ce.

4. Raba manhajojin gida-gida

Yanzu koma kan takardarka. Kashi na farko waɗanda suke da bugu na sabon tsarin, irin su Firefox, Chrome, VLC, Zoom, Telegram, Steam, waɗannan ba magana. A Mac akwai Word da Excel da PowerPoint da Outlook da kayan Adobe, amma babu Access babu Publisher. A Linux babu Office na girkawa babu Photoshop, sai Office na cikin burauza.

Kashi na biyu masu madadi, kuma nan ne nake ganin mutane suna yin abu a baibai. LibreOffice, OnlyOffice, GIMP, Inkscape, Thunderbird duk suna da bugun Windows, to me zai sa ka jira sai ka ƙaura kafin ka gane ko za su yi maka? Girka su yau a kan Windows ɗinka ka buɗe fayilolinka na gaske da su, wanda ya fi kowanne rikici ba wasiƙa mai shafi ɗaya ba, ka buga a firinta ka gani. Makuron Excel wasu suna tafiya a LibreOffice wasu ba sa yi, sai an gwada. In takardar Word ta watse yawanci salon haruffa ne babu, Carlito tana maye gurbin Calibri, Caladea tana maye Cambria, faɗin haruffansu ɗaya ne don haka layuka ba sa zamewa. Shigo da saƙonnin Outlook cikin Thunderbird ma yanzu ne lokacinsa, don ya fi tafiya daidai in Outlook ɗin na girke a kwamfuta ɗaya da ita, daga baya sai ka kwashi foldar Thunderbird ka tafi da ita.

Abin da ya rage, wanda ba bugu ba madadi, shi za a raba tsakanin Wine (mataki na 7) da kwamfutar cikin kwamfuta (mataki na 8). Sai kashi na ƙarshe da ba ya jin magani sai Windows ta gaske kan ƙarfe, misali wasannin da ke da mai gadin hana maguɗi irin Valorant da Fortnite, da wasu manhajojin da ke tuƙa inji ta wani kati na musamman a cikin kwamfutar. In abin da kake ci da shi yana cikin wannan kashin kar ka saki reshe ka kama ganye, bar masa Windows ɗinsa ka ƙaurar da sauran.

5. Gwada kwamfutar kafin ka girka

Ga mai zuwa Linux ni Linux Mint nake ba sabon shiga shawara, jerin 22 an gina shi kan Ubuntu 24.04 kuma yana da tallafi har 2029. Sauke fayil ɗin ISO daga shafinsu, rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher, komai na filash ɗin zai goge fa. Sake kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen wurin tashi, Dell da Lenovo yawanci F12, HP kuma F9. Zai buɗe ba tare da ya taɓa faifanka ba. Gwada wayafai, sauti, bulutut, allo na biyu, firinta da sikana. Firintocin zamani da ke kan netwok yawanci da kansu suke bayyana, tsofaffin masu waya su ne sai an bincika.

Hattara: in Linux bai ga faifan cikin kwamfutar ba sam, mai yiwuwa BIOS na kan Intel RST ne sai an mayar AHCI. Kar ka sauya kai tsaye in kana son Windows ta ci gaba da tashi, sa ta ta tashi a Safe Mode sau ɗaya daidai lokacin sauyin, in ba haka ba shuɗin allo za ka gani.

Mai sayen Mac ba shi da irin wannan gwajin, abin da zan ce kawai masu furosesar M ba a ƙara musu RAM daga baya, in ka san za ka gudanar da Windows a ciki kar ka sayi ƙasa da 16GB.

6. Girkawa

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ka sayi SSD na biyu, ka cire na Windows ka ajiye, ka girka Linux a sabon, ba abin da zai taɓa tsohon. In dole faifai ɗaya za su raba, a cikin Windows kashe Fast Startup, dakatar da BitLocker, rage girman C: ta Disk Management, sannan a wajen girkawa ka zaɓi girkawa gefen Windows. Zaɓin Erase disk komai yake sharewa, karanta sau biyu kafin ka danna.

Bayan ya tashi, sabunta komai, buɗe Driver Manager musamman mai katin NVIDIA, kunna Timeshift mai ajiye hoton tsarin don ka iya komawa baya in abu ya lalace. In an nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri ta Secure Boot, a tashi na gaba wani shuɗin allo zai fito, zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita, mutane na tsallake shi daga baya su rasa me ya hana direba aiki. Agogo kuma in ya riƙa rikicewa duk sanda ka koma Windows, rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal na Linux, wato tagar rubuta umarni, zai daidaita su.

Ni dai ban cika son raba faifai don manhaja ɗaya ko biyu ba, kashewa da kunnawa kullum yana gundura, ƙarshenta mutum ya zauna a Windows ɗin da ya ce zai bari.

7. Wine, ga ƙananan manhajoji

Wine ba Windows ba ce, fassara buƙatun manhajar take yi zuwa abin da Linux ke ganewa, shi ya sa ba ta buƙatar lasisin Windows kuma ba ta da nauyi, shi ya sa kuma wata manhajar za ta tafi sumul wata ta ƙi ko buɗewa. Kafin ka ɓata yini nemi sunan manhajar da bugunta a AppDB na shafin WineHQ. Platinum tana aiki kai tsaye, Gold sai an ɗan yi gyara, Silver da Bronze akwai abin da ba ya yi, Garbage kuwa wuce kawai. Na wasanni a ProtonDB ake dubawa, Steam na da nata bugun Wine ɗin mai suna Proton. Abin mamaki tsofaffin manhajoji na zamanin XP da Windows 7 sun fi sababbi tafiya a nan.

Mafi sauƙi ka girka Bottles, manhajar da ke sauƙaƙa aiki da Wine, daga Software Manager. Ƙirƙiri kwalba sabuwa irin Application, kwalba ɗaya manhaja ɗaya, kar ka tara su don gyaran da ka yi wa wannan zai iya karya waccan. Shiga Dependencies ka sa abin da manhajar ke nema, yawanci vcredist ko dotnet48 ko salon haruffan Windows, sannan ka gudanar da fayil ɗin girkawar. In ta kasa ganin foldodinka to shingen Flatpak ne, wato tsarin da Bottles ke zuwa a ciki, manhajar Flatseal za ta ba ta izini. Akwai CrossOver, wani bugun Wine na kuɗi a Linux da Mac, yana da gwajin kwana 14, gwada kafin ka biya.

Hattara: direbobin Windows ba sa aiki a Wine, don haka manhaja mai dongul ko mai tuƙa wata na'ura ta USB da wuya ta yi. Sannan ƙwayar cutar Windows na iya tashi a Wine ta taɓa fayilolinka, kar ka ɗauka don kana Linux za ka iya danna kowane .exe da aka turo maka. Manhajar da ke riƙe da lissafin kuɗin mutane kuwa ni ba zan ɗora ta kan Wine ba ko da ta buɗe, tana iya yin daidai a komai ta gaza wajen buga rahoto ɗaya.

8. Kwamfuta a cikin kwamfuta

Wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas, Windows ce cikakkiya a cikin taga. VirtualBox kyauta ce, VMware Workstation Pro ma ta zama kyauta tun 2024, akwai kuma virt-manager. Kuɗin da ke ciki na lasisin Windows ne, tana buƙatar nata. Kunna VT-x a BIOS in Intel ce, ko SVM in AMD ce. Ware wa Windows ɗin cikin kamar rabin RAM ɗinka kar ka wuce, 4GB shi ne mafi ƙarancin Windows 11, XP kuwa 1GB ma ya ishe ta.

Hanya biyu ce. In kana da fayil ɗin girkawa da lamba, girka Windows sabuwa fil a ciki ka ɗora manhajar, wannan ya fi tsafta. In kuma irin mai matacciyar sabar nan ce, sai a mayar da tsohuwar kwamfutar kanta fayil. Disk2vhd na Sysinternals ke yin wannan, a cikin tsohuwar Windows ɗin ake gudanar da shi. Kashe BitLocker gaba ɗaya tukuna don ba ya aiki da kulallen faifai, cire alamar Use Vhdx don VirtualBox ta fi jituwa da VHD, zaɓi C: tare da ƙananan ɓangarorin tashi, ka ajiye a faifan waje ba a wanda ake kwafa ba. A VirtualBox ka haɗa fayil ɗin a matsayin faifai, ka kunna Enable EFI in tsohuwar da UEFI take tashi. Windows za ta ga kamar an sauya mata kwamfuta ta nemi sabon lasisi, ita ma manhajar tana iya yin haka in da ƙarfen take gane gidanta, shi ya sa tsohuwar kwamfutar za ta zauna yadda take har ka ga wannan ya yi.

Da ta tashi sa Guest Additions, shi ke gyara girman allo ya ba ka folda ta tarayya. Bayanan aikinka su zauna a wannan foldar inda manhajar ta yarda, don kwafin ajiyarka na kullum ya riƙa haɗawa da su. Don USB a Linux rubuta sudo usermod -aG vboxusers $USER ka fita ka sake shiga, sannan ka zaɓi dongul ɗin ko sikanar a saitin USB. Da komai ya daidaita ɗauki Snapshot, wato hoton yadda take a lokacin, amma ka kwafi foldar kwamfutar cikin gaba ɗaya zuwa faifan waje ma, don Snapshot a faifai ɗaya yake da abin da yake karewa.

Hattara: XP ta rasa tallafi tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020. A saitin Network zaɓi Not attached, kar su ga intanet, kar ka buɗe imel ko banki a ciki.

9. Abin da ya bambanta a Mac

Mac masu furosesar M, wato daga M1 na 2020 zuwa yau, ba su da Boot Camp, wato hanyar girka Windows kai tsaye a gefen macOS. Windows 11 ta ARM kaɗai ke gudu da sauri a cikinsu, ta Parallels Desktop na kuɗi ko VMware Fusion ko UTM na kyauta. Ita wannan Windows ɗin tana fassara yawancin manhajojin Intel da kanta, amma ba ta fassara direbobi, don haka tsohuwar na'urar da ba ta da direban ARM ba za ta yi ba. Fayil ɗin Disk2vhd ma ba zai tashi a Parallels ko Fusion na waɗannan Mac ɗin ba, UTM na iya kwaikwayon furosesar Intel amma a hankali sosai, XP za ta lallaɓa, Windows 10 azaba ce.

Mai tasowa daga tsohon Mac kuma, manhajojin 32-bit sun daina aiki tun macOS Catalina a 2019. Na Intel masu 64-bit Rosetta 2, mai fassara su ga furosesar M, ke ɗauke da su, kuma Apple ta ce macOS 27 ne na ƙarshe da zai zo da ita cikakkiya. A sabon Mac ɗin buɗe Activity Monitor ka duba layin Kind, duk wadda aka rubuta wa Intel ka fara neman sabon bugunta.

10. Na DOS da masu 16-bit

DOSBox-X yana kan Linux da Mac da Windows. Zuba manhajar a folda ɗaya, rubuta mount c ~/dos sannan c: sai sunan fayil ɗin. Na zaɓe shi a kan DOSBox na asali don yana da hanyar buga takarda. Na Windows masu 16-bit kuma, Windows mai 64-bit ba ta gudanar da su, ka sa su cikin XP a mataki na 8.

11. Ranar sallamar tsohuwar

Yi cikakken zagayen aikinka a sabon tsarin tsohuwar na gefe a kashe, har da rufe lissafin wata da buga rahoto da duk abin da ke takardar mataki na 1. Daga ranar da ka fara shigar da sababbin bayanai a sabon wuri kar ka sake shigar da komai a tsohon, in ba haka ba za ka wayi gari da kwafi biyu kowanne da abin da ɗayan ba shi da shi. Da kowane layi ya samu alama, janye lasisin da ake janyewa, fita daga akawun ɗin Microsoft da na burauza. In bayarwa ko sayarwa za ka yi, a Reset this PC zaɓi Remove everything ka shiga Change settings ka kunna Clean data. Hoton faifan na mataki na 3 da foldar fayilolin girkawa da takardar lambobi su zauna tare a faifan wajen, ka rubuta kwanan wata a jikinsa.